Akwatin da Ya Zo Daga Kumasi: Inda Jitar Lantarki Take Samun Muryarta

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, wanda na koyar a ajin ƙarshe na firamare, yanzu kuma yana karatu a Yamai, ya zo hutu Filinge ya biyo ya gaishe ni. Muna zaune a zaure sai ya ciro salula ya kunna mini wani wasa da Mdou Moctar ya yi a ƙasar waje. Muka saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Mushe, me ya sa jitar nan take kuka kamar ana yaga ƙyalle? Da farko na ɗauka salulata ce ta lalace, amma na ji a ta abokina, haka take."

Na ce masa da gangan ne, kuma akwai mutanen da suke kashe kuɗin da zai sayi bijimi don kawai su sami wannan yagewar. Bai yarda ba. Na yi masa alkawarin zan rubuta bayanin a tsanake, domin amsar tana da tarihi, kuma ni kaina ban koye ta a makarantar horar da malamai ba. A wurin wani tsoho mai gyaran rediyo na koye ta, da kuɗin aljihuna da kunya mai yawa.

Mu fara da abin da mutane da dama ba su sani ba: jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. Ba ta da ƙoƙo kamar goge ko gurmi, katako ne cur. Idan ka kaɗa ta ba a jona ba, wanda yake bakin ƙofa ma ba zai ji ba. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, zagaye dubbai. Tsirkiya tana rawa a gaban maganaɗisun, sai wata ƴar wuta ta motsa a cikin wayar, wadda ba ta kai ko ƙarfin ƙaramin batirin tocila ba. Wannan ƴar wutar ce ake turawa cikin amfilifaya, akwatin da masu kiɗa a nan suke ce wa "ampili". Abin da kunne yake ji daga baya, akwatin ne ya ƙera shi. A tsoffin akwatuna abubuwa uku ne suke wannan aiki: kwalaben gilashi masu haske a ciki, taransifoma, da lasifika.

Tsohon da na ambata, Baba kawai nake ce masa, yana cikin samarin Kurfai da suka tafi cirani Gana a shekarun 1960. Hanya ce da kakanninsu suka buɗe tun ƙasar tana Gwalkwas, har Jean Rouch ya bi ƴan Nijar ɗin can da kyamararsa. Wasu dako suka yi, wasu gadi, shi kuwa ya zauna gaban wani mai gyaran rediyo a zangon Kumasi. Lokacin kiɗan hailaif yana tashe, su E.T. Mensah suna cika gidajen rawa a Ankara, ƙananan ƙungiyoyin jita kuma suna yawo gari gari, saboda haka akwatunan makaɗa ba su yankewa a shagon. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Mutane dubbai ɗaruruwa suka kwashe abin da za su iya ɗauka. Baba ya ɗauko kayan aikinsa da wani akwati ƙirar Ingila da mai shi ya bar masa a madadin kuɗin gyara. Ya sha gaya mini cewa ya bar katifa da keke a can, amma akwatin a kan cinyarsa ya zo cikin babbar mota, an naɗe kwalabensa da rawani.

Da ya iso gida sai ya tarar babu inda zai jona shi. Akwatin ya yi shekaru a ƙarƙashin gado.

Kwalbar nan, wadda wasu masu gyara suke kira bawul, Ba'amurke Lee de Forest ne ya fito da irinta mai ƙafa uku a 1906, bayan ƴan shekaru kuma aka gano tana iya ƙara ƙarfin sauti. An zuƙe iskar cikinta. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake gasawa har ya yi ja, yana fesa wuta zuwa wani faranti da ke ɗauke da bolt ɗari uku ko huɗu. A tsakaninsu akwai ƴar raga, a nan ake saka ƴar wutar da ta fito daga jita. Ku tuna mai lambu a gindin Dallol da yake tare bakin hanyar ruwa da ƙafarsa: ƙafar ba ta da wani ƙarfi, amma ɗan motsinta ne yake sakin ruwa mai yawa ko ya tsayar da shi. Haka ragar take yi wa babbar wutar. Babbar wuta tana kwaikwayon rawar ƙarama, sai sauti ya girma.

Injiniyoyin farko babu abin da suke nema sai tsabta. Rediyo da tarho da silima suke yi wa aiki, burinsu murya ta fita kamar yadda ta shiga. A 1925 Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana lasifika mai mazurarin takarda, wadda har yau ita ce a cikin rediyonmu. A 1932 aka fara sayar da jitar lantarki ta George Beauchamp, wadda saboda siffarta aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Shi kansa Leo Fender, wanda sunansa yake kan jitocin da samarin Agadas suke mafarki, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. Zanen da kamfanonin kwalba suke bugawa a littattafansu ya ɗauka ya gina a kai.

Makaɗa ne suka ɓata wa injiniyoyi lissafi. Akwatunan ƙanana ne, gidajen rawa kuma cike da hayaniya, sai kowa ya murɗa har ƙarshe. A nan kwalba ta nuna halinta. Kowace na'urar ƙara sauti tana da iyaka, abin dubawa shi ne yadda take yi idan an kai ta iyakar. Misalin da nake ba yara shi ne awon hatsi a kasuwa. Wata mai awo takan cika tiya ta bar gero ya yi tozo, in an ƙara sai ya riƙa zamewa a hankali ta gefe. Wata kuma tana cikawa sai ta sa hannu ta shafe bakin tas. Kwalba tana yi kamar ta farko: idan sauti ya fi ƙarfinta sai ta lanƙwasa kansa sannu a hankali. Taransisto, a akwati mai araha, yana yi kamar ta biyu, yana tafiya da tsabta har ya kai baki sannan ya datse. Duk lokacin da aka canza siffar sauti, wasu sababbin sautuka suna haifuwa a samansa. Tsirkiyar da take rawa sau 110 a daƙiƙa za ta sami ƴaƴa a 220 da 330 da 440, haka har sama. Lanƙwasa mai laushi ta fi ƙarfafa na kusa, waɗanda kunne yake ji kamar kauri da ɗumi. Datsewa kuwa tana watso na can sama masu kaifi, su ne suke soka kunne. Ban ce kwalba waliyyiya ba ce. Yadda aka haɗa ta da sauran kayan yana da nasa rabo babba, kuma akwai akwatunan taransisto na ƙwarai, irin Roland JC-120 da aka fito da shi a 1975, wanda makaɗa suke so don tsabtar muryarsa. Amma asalin bambancin da mutane suke jayayya a kai ke nan.

Wani abin kuma shi ne kwalba tana bin hannun mai kiɗa. In ya taɓa a hankali sauti ya fito garau, in ya doka sai ya yi gurnani, ba tare da ya taɓa akwatin ba. A tsoffin akwatuna ma akwai wata kwalba dabam mai daidaita wutar da take shigowa. Idan aka doki tsirkiya da ƙarfi wutar takan ɗan durƙusa sannan ta miƙe, sai ka ji sautin ya noƙe ya sake kumbura, kamar numfashi.

Labarin da ya fi nuna cewa kayan ciki ne suke yin murya shi ne na Fender da Marshall. A 1952 Fender ya fito da akwati mai suna Bassman don masu jitar bes. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 yana zuwa da lasifika huɗu masu inci goma, masu jitar gaba kuma suka ƙwace shi ya zama nasu. A Landan akwai wani mai kiɗan ganga, Jim Marshall, yana da shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell. Kayan Amurka suna tsada, sai a 1962 shi da Ken Bran da Dudley Craven suka kwaikwayi zanen Bassman kusan waya da waya. Sai dai kayan da suke samu a Ingila ba irin na Kalifoniya ba ne. Kwalbar farko suka sa mai ƙarfin turi fiye da ta Fender, taransifoma ta gida, lasifika kuma Celestion masu inci goma sha biyu guda huɗu a cikin akwati rufaffen baya, alhali na Fender bayansa a buɗe yake. Daga baya suka canza manyan kwalaben su ma zuwa na Turai. Zane ɗaya, murya biyu. Na Ingila ya fito da kaushi da cizo, shi ne Jimi Hendrix ya jingina da shi bayan ya sauka Landan a 1966. Hendrix ɗin nan kuwa yana cikin waɗanda Bombino ya zauna yana kallon bidiyonsu yana yaro, lokacin gudun hijira.

To, ga inda nawa ya shigo. A 2006 ina koyarwa a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Muka shirya bikin ƙarshen shekara, muka ari janareto, aka ce akwai wani saurayi daga wajen Imanan mai jita da zai zo ya yi wasa kyauta amma ba shi da ampili. Na hau mota na zo Filinge na roƙi Baba. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Mushe, zan ba ka, amma abu guda: kada ka kunna shi lasifika ba ta jone. Ko da wasa." Na ce to. A raina na ce tsofaffi da camfi, ai rediyo in ka cire mata lasifika shiru kawai za ta yi.

Da yamma aka kunna. Sai da muka jira kwalaben suka yi ɗumi, suka yi ja kamar garwashi, yara sun kewaye bayan akwatin suna leƙe. Saurayin ya taɓa tsirkiya ɗaya ya tsaya ya dube ni. Bai taɓa jin jitarsa da wannan murya ba. Ni kuma sai na ga taro ya yi yawa, na baya ba su ji. Na cire wayar lasifikar akwatin, na ɗaura dogayen wayoyi zuwa ƙahon lasifika da muka aro, wanda aka rataya a kan itace. Ya yi ƴan mintoci yana aiki. Can wani yaro ya yi tuntuɓe da wayar ta tsinke, sauti ya ɗauke. Maimakon in kashe, sai na ƙara murɗawa ina ce wa mai jita ya doka da ƙarfi mu ji. Ya doka. Abin da ya biyo baya wari ne kamar an ƙona fenti, da ɗan hayaƙi siriri.

Washegari na kai gawar. Baba bai yi faɗa ba, wanda hakan ya fi mini ciwo. Ya buɗe bayan akwatin, ya ɗauki sukudireba mai mariƙin roba ya sauke wutar da ta saura a ciki, domin waɗannan akwatuna suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare su. Sannan ya nuna mini dunƙulen ƙarfe biyu. Ya ce na farko shi yake karɓar bolt 220 na gari ya ɗaga shi zuwa ɗaruruwan da kwalba take so, ya kuma ba da ɗan kaɗan, shida da ɗigo uku, don gasa ta. Na biyun shi na kashe. Ya ce, "Wannan tafinta ne." Kwalba tana magana da wuta mai tsayi amma siririya, lasifika kuwa wuta gajera mai kauri take ji. A lissafi, ɓangaren kwalba om dubbai ne, lasifika kuma om 4 ko 8 ko 16. In babu tafinta a tsakani, sarki da kwamanda za su wuni suna kallon juna. Da na raba shi da lasifika, ƙarfin da ya taru a cikin ƙarfen bai sami inda zai fita ba, sai ya juyo baya da tsalle mai tsanani ya huda rufin wayoyin. Akwatin taransisto ba ya damuwa da wannan, shi ya sa na raina gargaɗin.

Sabon irinsa babu a Nijar. Baba ya ce zai sake naɗa shi da hannu. Na tafi kasuwar Katako a Yamai na nemo wayar tagulla mai kaurin da ya auna mini, abin da ya ci kusan rabin albashina na wata. Ya zare siraran faifan ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ya warware ƙonanniyar waya yana ƙirga zagaye yana jan layi a bango da gawayi. Ya fi wata yana naɗi. Ranar da ya kunna, akwatin ya yi magana, na yi hamdala. Shi kuwa ya kaɗa kai ya ce, "Ya tashi, amma ba shi ba ne."

Da farko na ɗauka so yake ya ƙara mini nauyi. Da na saurara sai na ji gaskiyarsa: saman muryar ya dushe, kamar mai mura. Ya bayyana mini cewa a masana'anta ba naɗi biyu kawai suke yi ɗaya kan ɗaya ba, suna sarƙa su ne hawa-hawa, na kwalba, na lasifika, na kwalba, don su rungumi juna sosai. In rungumar ta yi sako-sako, sautuka masu kaifi su suke fara zubewa. Girman ƙarfen kuma shi yake riƙe sautin ƙasa: ƙaramin ƙarfe yana ƙoshi da wuri idan aka doki tsirkiya mai kauri, sai ƙasan ya rage ya yi ɗan gurnani. Wato tafinta ba ya isar da magana yadda aka faɗe ta, yana sa nasa. Duk wanda ya karanta tarihin zamanin Nasara a ƙasar nan ya san haka.

Saura lasifika, wadda a ganina ita ce ta fi kowa iko a kan murya, kuma ita aka fi rainawa. Takarda ce mai siffar mazurari, da ɗan naɗin waya a gindinta cikin maganaɗisu. Lasifikar jita ba ta da faɗin ji. Tana fara aiki wajen 80, daidai da tsirkiya mafi kauri wadda take rawa sau 82 a daƙiƙa, tana kaiwa wajen 5,000 sai ta sake. Ga mai sauraron labarai wannan nakasa ce. Ga mai jita kuwa rahama ce, domin duk ƙaiƙayin nan mai kaifi da murɗawa take haifarwa a can sama yake, takardar tana tace shi kamar rariya. Ku jona jita mai gurnani kai tsaye a babbar lasifikar biki mai ƙananan bakuna na sama, za ku ji kamar an saki zuma a cikin gwangwani. Takardar kuma ba ta motsi gaba ɗaya kamar faranti. In an matsa mata, sassanta suna rawa dabam dabam, kowace ƙira da nata wurin da take ɗagawa. Hatta maganaɗisun yana da tarihi. Na farko ana haɗa su da alminiyam da nikel da kobal, kobal ɗin kuwa kaso mai yawa daga Katanga ta Kwango yake fitowa. Da ya yi tsada, a shekarun 1960 masu ƙera lasifikar jita suka koma na yumɓu mai araha, har yau makaɗa suna musu a kan wanne ya fi.

Turawa da Baƙaƙen Amurka sun gano darajar lalatacciyar lasifika tun da wuri. A 1951 ƙungiyar Ike Turner ta je ɗaukar waƙar "Rocket 88" a Memphis, akwatin mai jitarsu Willie Kizart ya lalace a hanya, aka cusa masa takarda aka ɗauka haka nan, mai ɗakin ɗaukar, Sam Phillips, ya ce a bar shi. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya sa reza ya tsaga takardar lasifikarsa da hannunsa.

Mu a nan ta wata ƙofa muka shiga. Zamanin kwalba kusan ya tsallake ƙauyukanmu, saboda kwalba tana son wutar gari, mu kuwa ba mu da ita. An ƙirƙiro taransisto a 1947, kuma shi ne ya kawo mana rediyon batir da aka riƙa taruwa a kewaye a ƙungiyoyin sauraron rediyo tun daga 1962. Lokacin da Seyni Kountché, ɗan Fandu nan kusa da mu, ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da samariya, abin da ya shiga dandali shi ne ƙahon lasifika na ƙarfe da ampili mai cin batirin mota. Ina yaro ƙarami na ji goge ta cikin irin wannan ƙaho, ana jin sa daga wancan gefen gari. Ƙahon ba shi da ƙasa ko kaɗan, tsakiya kawai yake fitarwa, da hanci. Kunnuwan tsararmu a kan wannan murya suka tashi.

Jitar Abzinawa ma haka ta taso. Samarin da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya, waɗanda ake kira ishumar, su suka fara ta a ƙarshen shekarun 1970, su Tinariwen. A ɓangaren Nijar, Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal ne kaset ɗinsu suka riƙa yawo a ɓoye lokacin tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995. Kaset ɗin da aka kwafa daga kaset da aka kwafa, kowane kwafi yana ƙara dushewa. Bayan sulhu jita ta fito fili ta zama kiɗan biki a Agadas da Abalak da Cintabaraden, ta gangaro har wajenmu ta hannun maƙwabtanmu na Imanan da Tagazar. Kayan aikin ƙananan akwatunan taransisto ne da ake murɗawa har ƙarshe a fili, babu bango da zai maido sauti. Janareto yana hawa yana sauka. Batir in ya fara rauni, iyakar akwatin tana saukowa, sai ya fara datse sauti tun ba a doka da ƙarfi ba, shi ya sa kiɗan tsakar dare ya fi na magariba kaushi. Takardar lasifika kuma ta sha ƙurar hunturu da zafin bazara, an liƙe ta da gam sau uku. Wanda ya saurari faifan Group Bombino da kamfanin Sublime Frequencies ya fitar a 2009 zai ji wannan a ɓangaren da aka ɗauka a fili. A Kinshasa ma su Konono N°1 sun yi suna a duniya da maganaɗisun tsoffin motoci da ƙahonin lasifika.

Mdou Moctar kansa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da gangar na'ura da muryar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, ya bazu daga salula zuwa salula har Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya tsince shi. Bombino kuma a 2013 ya fitar da Nomad, wanda aka ɗauka a Nashville a ɗakin Dan Auerbach, mutumin da ya shahara da tara tsoffin kayan kiɗa. Wato sun tashi da kaushin taransisto da batir, sun je sun tarar da mutanen da suka shekara sittin suna kiwon kaushin kwalba. Masu rubutu a jaridun waje suna son su ce muryar hamada ce suke ji. Ni ina jin muryar rashin wuta, da hannun mutanen da suka mayar da rashin abin ado.

Akwai kuma abin da nake ganin ya sa kunnenmu bai taɓa ƙin wannan sauti ba. Mu dama ba mu son tsirkiya tsirara. Mai garaya yakan maƙala ɗan faifan ƙarfe mai zobba a kan wuyanta don ta riƙa zizar da kowane bugu. Goge gashin doki ne yake gogar gashin doki, an shafa masa ƙaro, a kan fatar guza, kuma duk wanda ya kwana a garin da ake wasan bori a Kurfai ya san ba laushi ake nema a wurinsa ba. Abin da injiniya ya kira aibi, mai goge ya daɗe da saninsa a matsayin gishiri.

Yanzu abubuwa sun sake juyawa. Rashin tsaro ya rage bukukuwan dare a yankinmu. Inda ake yi ma, sau da yawa salula ce da lasifikar caji, babu makaɗi. Yaran da suke koyon jita suna da manhajar da take kwaikwayon Fender da Marshall a cikin waya, kuma in faɗi gaskiya tana kwaikwayo da kyau. Abin da ya fi damuna shi ne benci irin na Baba. Kayan yau ba a gyara su, ana canza faranti ne gaba ɗaya ko a yar. Ina koya wa yara darasin maganaɗisu da alli a allo, alhali a garin nan an yi mutumin da ya naɗa taransifoma da hannu yana ƙirga da gawayi, ban taɓa tunanin in gayyato shi aji ba sai da ya rasu.

Akwatin yana nan a ɗakin babban ɗansa. Na je na duba shi bayan tafiyar ɗalibin nawa. Kwalaben na asali ne, tambarin Mullard na Ingila bai gama gogewa ba, kamfanin kuwa ya daɗe da daina yin su. Ɗaya daga cikin manyan biyu, EL84, ta yi fari a ka, alamar iska ta shiga. Yau ƙasashe kaɗan ne suka rage suna ƙera irinta da yawa, Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma biyu ake saye tare don su yi daidai da juna. Na rubuta wa yaron lambar a takarda na aika masa Yamai, na ce ya tambaya a Katako, in ba a samu ba ya tambayi masu zuwa Kano.